Inshorar Dole a Kasuwannin Bauchi: Kariya Ce ko Sabon Haraji?

Alhaji Na-Wunti: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ɗan takarar majalisar jiha da ya zo ofishin ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa jiya ya yi alkawari biyu. In ya ci, zai kawo dokar da za ta sa kowane shago a Wunti da Muda Lawal da Babbar Kasuwa ya yi inshorar gobara, kuma duk kamfanin da ya ƙi biyan diyya zai sa a rufe shi. Ni dai ina tare da shi. Na ga mutumin da ya kwanta da shago cike da shadda, ya wayi gari yana tona toka. Jaje da ɗan tallafi ba sa mayar da jari.

Ɗan Tasha: Alhaji, da girmanka, mu direbobi mun riga ku shan wannan ruwan. Inshorar mota tana naira 5,000 aka mayar da ita 15,000 a Janairun 2023, 'yan sanda kuma suka tsananta bincike daga Fabrairun 2025. Na biya. Ranar da na goge motar wani a hanyar Jos, na kira lambar da ke jikin takardar, babu mai ɗauka. Daga aljihuna na biya mai gyara da mai fenti. Haraji ne kawai aka sauya wa suna.

Barista: A ina ka yi takardar?

Ɗan Tasha: Wani yaro ne a bakin ofishin lasisi ya haɗa min ita da sauran takardu.

Barista: To alama ta nuna bogi aka ba ka, ƙanina. Ta gaske tana ɗaukar asarar dukiyar wanda ka buga har naira miliyan 3. Danna *565*11# ka sa lambar motarka, za ka ga ko tana cikin rajista. Amma Alhaji, alkawari na biyu ba ya hannun ɗan takararka. Tsarin mulkin 1999 ya sa inshora cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke ba kamfani lasisi, ita ke ƙwacewa. Ɗan majalisar jiha, kai ko gwamna, ba zai rufe kamfanin inshora ba. Wanda zai tsaya gaban 'yan kasuwa ya ce zai yi, ko bai karanta ba, ko ya ɗauka mu ba mu karanta ba, kuma duka biyun sun dame ni.

Alhaji Na-Wunti: Wato mu naɗe hannu, wuta ta ci gaba da cin mu?

Barista: A'a, ranka ya daɗe. Shagunan kasuwa da yawa na hukuma ne, haya muke yi. Mai gini na iya sa inshora cikin sharaɗin haya, ko ya yi wa kasuwa gaba ɗaya a dunƙule, ya fi sauƙi. Sannan jiha na iya kafa hukumar kare haƙƙin masu saye kamar yadda Kano da Legas suka yi, ta tattara ƙorafi ta kai NAICOM ko FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye. Wannan yana cikin ikonsa. Sabuwar dokar inshora da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ma ta ɗaga jarin kamfanonin da ke inshorar dukiya zuwa naira biliyan 15, don kada a ce babu kuɗin biya.

Hajiya Mai Atamfa: Duk kuna maganar manya. Ni tambayata ɗaya ce. Wuta ta ci shagona, kamfani ya ce in kawo shaidar kayan da ke ciki. Rabin atamfar nan bashi na ɗauko daga Kantin Kwari, da baki da amana, babu rasit. Littafin da nake rubutawa kuma yana cikin shagon, ya ƙone tare da su. Da me zan nuna? A nan ake kayar da talaka, a ƙananan rubutun da ke bayan takarda, da Turancin da ko ɗana mai digiri sai ya karanta sau uku. In da gaske ɗan takarar yake, ya ce sai an rubuta sharuɗɗan da Hausa, a ƙidaya kaya tun ranar biyan kuɗi, ba bayan an yi toka ba. Kuma mu mata masu tebur da rumfa, da cinikin yini bai taka kara ya karya ba, nawa za a ce mu biya? Bai faɗa ba.

Malam Liman: Hajiya ta taɓo wuri. Akwai kuma abin da ba a ambata ba. Malamai da yawa sun ƙi inshorar da aka saba saboda gharar (rashin tabbas a ciniki) da riba. Ka tilasta wa mutum abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba, zai nemi takardar bogi ya huta. Takaful ita ce mafita: kowa ya zuba a asusu da niyyar taimakon juna, wanda asara ta samu a ɗiba a ba shi, in an samu rara a raba wa masu zubi. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta tun 2013, ga kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful.

Ɗan Tasha: Allah gafarta Malam, ko takaful ce, in kalmar "dole" ta shiga, masu karɓa ne za su cika kasuwa da rasit. Ku gyara wayoyin lantarki da suka yi sarƙa a saman rumfuna, ku buɗe hanyar da motar kashe gobara za ta shiga. Wannan bai yi alkawari ba.

Alhaji Na-Wunti: A kan wayoyin ka yi gaskiya, ban musa ba. Amma ban janye ba: gara mu biya kaɗan duk shekara da mu koma bara rana ɗaya. Ɗan takarar zai dawo ranar Asabar bayan la'asar. Barista, ka zo da tsarin mulkin a hannu. Hajiya, ke za ki fara tambaya.

Hajiya Mai Atamfa: Zan zo da littafin bashina ma, ya gani da idonsa.