Musayar Waƙa: Me Ya Ci Syd Barrett, Ƙwaya Ko Abokai?

Kawu Mai Baiti

Salamu alaikum 'yan zaure. Yau kan Syd Barrett za mu yi, Baturen Ingila da ya jagoranci kafa ƙungiyar Pink Floyd, masu kiɗan rok ɗin nan da ke kwaikwayon abin da mai maye ke ji yake gani. Ƙwar huɗu za mu yi, babban amsa-amo "wa". Wanda ya karya ya biya goro.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Mai ba wa bawa hankali da ilimi,
Ya karɓe in ya so, a bar ka da jimami,
Shi ke da iko kan dukan rayuwa.

A Kambirij ta Ingila ya zo duniya,
1946, ɗan gidan tarbiyya,
Ubansa likita ne, ga son kiɗa a zuciya,
Sunansa Roger, Syd laƙabi ne kuwa.

Yana sha biyar uba ya kwanta dama,
Ya ɗau jita da burushi, ya ƙara himma,
Landan ya je don zane, ba don kiɗa ba ma,
Kiɗan ya janye shi kafin kammalawa.

Da Waters da Mason da Wright suka haɗa kai,
Shi ke rubutawa, shi ke rerawa sarai,
Sunan ya aro gun tsofaffin mawaƙa biyu dai,
Pink Anderson da Floyd Council, Amurkawa.

A kulob ɗin UFO, can a ƙarƙashin ƙasa,
Fitilu masu launi na ta yawo a kansa,
Madubai ya liƙa jere a jikin jitarsa,
Ya goga laita a tsirkiya, sauti na narkewa.

A 1967 faifan fari ya fita,
Ingila ta ɗauka, rediyo na maimaita,
Yana ashirin da ɗaya, duniya ta buɗe ƙofarta,
To 'yan zaure, me ya jawo faɗuwa?

Malam Na Tudu

Kawu, amsar na nan a fili, ƙwaya ce,
LSD da masanin kimiyya Hofmann ya haɗa, ni a guna guba ce,
Ɗigo a kan sukari, ka ga bango ya karkace,
Launi ya yi ƙara, sauti ya yi inuwa.

Ingila ta haramta ta tun 1966,
Shi ko yana ta sha a waje da cikin gida,
Ɗakin hayarsa 'yan maye sun mai da shi fada,
Masu zuga sun fi masu hani yawa.

Amurka suka je, asiri ya tonu gaba ɗaya,
Ya hau dandamali yana sassauta tsirkiya,
A talabijin aka jefo masa tambaya,
Ya ƙura ido kawai, babu amsawa.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Na gama.

Ɗan Garaya

Allah gafarta Malam, ka yanke zance,
Da yawa sun sha ta, ƙalilan suka haukace,
Ni abokan nake tuhuma, su da suka kauce
Ranar da yake neman hannun riƙewa.

Janairun 1968, mota ta tashi,
Za su Southampton wasa, saura a ɗauko shi,
Wani ya ce, mu biya? Aka ce a ƙyale shi,
Haka aka sallami mai gida, ba sanarwa.

Sun riga sun kawo Gilmour ya riƙe jita,
Abokinsa na Kambirij tun suna 'yan makaranta,
Sai Afrilu aka gaya wa jarida ya fita,
Kafin nan sai ɓoye-ɓoye da zamewa.

Wright, gida ɗaya suke, bai iya faɗa masa ba,
Sai ya ce zai fita ne ya sayo taba,
Ya je ya yi wasa, ya dawo da asuba,
Wannan ita ce amana, Malam, ko kuwa?

Anti Mai Jinya

Na daɗe ina aiki a ɓangaren masu taɓin hankali, ku bar ni in sa baki.

Ƙanena, sassauta, ka rage fushi,
Mai jinyar irin wannan shi ma yana nishi,
Su ma 'yan ashirin da 'yan kai ne kamar shi,
Ba likita a cikinsu, ba mai ganewa.

Sun nemi Laing, likitan ƙwaƙwalwa sananne,
Waters ya kai shi ƙofa, ya ƙi fita, yana zaune,
Baligi in ya ƙi magani, babban aiki ne,
Lallashi ke ragewa, shi ma yana ƙarewa.

Malam, akwai gyara kaɗan a zancenka,
Waters na ganin sikizofireniya ce ta yi haka,
Ciwon da ya fi bayyana a shekarun samartaka,
Ko an sha ko ba a sha ba, yana iya zuwa.

Gilmour ya ce tushen abin na da zurfi,
Ƙwayar ta hura wutar ne, ta ƙara mata ƙarfi,
Ni ma a nan na tsaya wajen rabon laifi,
Don ba takardar asibiti da aka nuna wa kowa.

Ɗan Garaya

Anti, na ji, na rusuna. Amma ban sauka ba, saura ranar da suke naɗar faifan Wish You Were Here.

Yunin 1975, suna Abbey Road suna aiki,
Waƙar kewarsa suke haɗawa, ta baƙin ciki,
Wani mai ƙiba ya shigo ya zauna a ɗaki,
Kai a aske, gira a aske, ba mai kulawa.

Sun jima suna kallo ba su shaida shi ba,
Shekara ashirin da tara, bai ko tsufa ba,
Da aka gane, Waters bai riƙe kuka ba,
Hawaye ne na bayan shekara bakwai da yarwa.

Faifan ya sayu miliyoyi, sunansa ya ja kaya,
Ciwon mutum ya zama haja a idon duniya,
Masu saye sun fi son labarin hauka da gaskiya,
Mu ma 'yan zauren nan da shi muke cin kasuwa.

Ƙanwar Maza

Yaya Ɗan Garaya, dukanku kuna magana kamar mutumin ya mutu a 1968. Sai da ya ƙara shekara 38 a duniya fa, kuma ba wanda ya leƙa shekarun nan a cikinku.

A 1970 faifai biyu ya yi nasa,
Gilmour ɗin da kake zargi shi ya tallafa masa,
Ya zauna a situdiyo yana haɗa waƙoƙinsa,
Ya kuma tsaya kuɗin haƙƙinsa na zuwa.

Da ya gaji da Landan, ƙafa ya taka,
Kusan kilomita 80, har ɗakin uwa ya sauka,
Ya ajiye sunan Syd, ya koma na yanka,
Dandamali kuma ya bar shi, ba komawa.

Lambu yake yi, ya hau keke ya je kanti,
Ya wuni a ɗaki da burushi da fenti,
'Yan jarida na laɓe da kyamara a bakin titi,
Yana rufe ƙofa, suna ta ƙwanƙwasawa.

Rosemary ƙanwarsa ta san shi ciki da bai,
Ta ce ba mahaukaci ba ne, daban yake dai,
Ku da ba ku gan shi ba kun yanke hukunci sarai,
Ni na fi yarda da shaidar 'yar'uwa.

Malam Na Tudu

'Yata, shaidar dangi akwai kara a ciki,
Wa zai kira jininsa mahaukaci da baki?
Mutum ya yi zane, ya gama, ya sha aiki,
Ya ɗauki hotonsa, ya bi shi da ƙonawa.

Wannan lafiya ce?

Ƙanwar Maza

Baba Malam, wanda ya ga an sayar da muryarsa,
An sayar da ciwonsa, an sayar da hotonsa,
In ya hana kasuwa abin da ya zana da hannunsa,
Kai ka ce hauka, ni na ce ƙiyawa.

Anti Mai Jinya

Baba da 'yarsa, kowa na iya zama da tasa gaskiyar. Wanda ya tsaya a dandamalin Amurka da wanda ke ban ruwan lambu mutum ɗaya ne, lokaci ne ya bambanta.

Hayaniya in ta ragu, ciwo kan lafa,
Barci a kan lokaci, da na kusa mai tallafa,
Shi muke gaya wa dangi tun daga bakin ƙofa,
Abin da Landan ta hana, ya samu gun uwa.

Uwar ta rasu a 1991, ya zauna a gidansa,
Ciwon suga ya daɗe yana cin jikinsa,
Ran 7 ga Yulin 2006 sankara ta ƙarasa,
Shekara 60, ba ƙwaya ba ce sanadin mutuwa.

Ɗan Garaya

Gadon da ya bar wa dangi fam miliyan 1.7,
Na yarda kuɗin sun isa, shaida akwai,
Amma aike ta banki aike ne kawai,
Cikin su huɗu wa ya taka har ƙofa gaisuwa?

Ƙanwar Maza

Yaya, dangin ne suka ce a yi nesa,
Zancen Pink Floyd na tayar da hankalinsa,
Yakan jima kafin ya koma natsuwarsa,
In tuhuma ce, fara da dangin, in kana iyawa.