Neman kalma: yaya za mu ce "pay progression" da "retention" a aikin gandiroba?

Mai fassara daga Ringim: Salamu alaikum. Takarda ce a gabana kan albashin ma'aikatan gidajen gyaran hali, kalmomi biyu sun tsaya mini: "pay progression" da "retention", wato ma'aikata su ci gaba da aiki ba su ajiye ba. Na farko na rubuta "ƙarin albashi", na biyu "tsare ma'aikata". Masana, ku duba mini.

Tsohon gandiroba, Gumel: Wa alaikumus salam. Ɗana, goge "tsare" tun kafin wani ya gani. A gidan yari wanda aka tsare yana bayan ƙofa ne, makulli na hannunmu. Ka ce an tsare gandirobobi ɗari, kowa zai ɗauka fursuna ya gudu an kama masu gadi.

Akawun albashi, Wudil: Baba ya yi gaskiya. "Ƙarin albashi" ma bai yi ba, don shi ake faɗa idan gwamnati ta ɗaga kuɗin kowa a tashi ɗaya, kamar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024. Abin da kake nema tafiyar mutum ɗaya ce a cikin jadawalin albashi da ake kira CONPASS, wanda gandirobobi ke kai tare da 'yan shige da fice da 'yan kwana-kwana. Tafiyar kuwa iri biyu ce. Akwai lebul, wanda muke kira matakin albashi: mai takardar sakandare yakan shigo a mataki na 3 ko na 4, mai digiri a na 8. A cikin kowane mataki kuma akwai sitef, ana matsawa ɗaya duk shekara ba tare da jarrabawa ba, sai in an dakatar wa mutum saboda horo. Mataki ba ya motsi sai an yi ƙarin girma: shekara biyu aƙalla a ƙananan matakai, uku daga na 7 zuwa na 14, huɗu daga na 15, sannan a ci jarrabawa, sannan a samu gurbi. Gurbin nan shi ne ƙashin baya. Mutum ya ci jarrabawa, babu kujera a sama, ya yi ta cin sitef har ya ƙure na ƙarshe, albashi ya tsaya cik.

Malamar Hausa, Kazaure: To Malam, sitef ɗin mu ce "taki"?

Akawun albashi, Wudil: Malama, a ƙauye taki na gona ne. "Taku" dai. Kuɗin da yake kawowa kuma tuni ana ce masa ƙarin shekara.

Malamar Hausa, Kazaure: Na karɓa. Ga babbar kalmar ina ba da "hawan albashi". Hawa aiki ne da ake cikin yi, ya ɗauki taku ya ɗauki mataki, kuma yana karɓar korewa: hawan albashinsa ya tsaya. "Tsanin albashi" ya fi dacewa da jadawalin kansa. Na biyun kuma, "riƙe ma'aikata" ba laifi, amma akwai ƙanshin tilas a ciki.

Tsohon gandiroba, Gumel: Malama, ba a riƙe mutum, zama yake yi don ya ga gaba. Aikin nan shekara 35 ne ko cika shekara 60 da haihuwa, amma wanda zai tafi da wuri yake tafiya. Takardar ƙarin girma ta fito, an ɗaura anini, kuɗin bai bi ba sai an jira ariyas, wato biyan kuɗin baya. An tura yaro ƙaramin gidan yari a karkara, babu gidan ma'aikata, haya biyu, kwanan gadi ba mai canjinsa. Ya yi ƙarin karatu, ba a daidaita masa mataki ba. Dokar 2019 ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, gyaran hali kuwa sai wanda ya daɗe ya san halin ɗaurarru. Ni "zaunar da ma'aikata" zan ce.

Mai fassara daga Ringim: Na gode, Baba. Na rubuta hawan albashi, mataki, taku, zaunar da ma'aikata. Inda ake ƙidayar waɗanda suka zauna fa?

Malamar Hausa, Kazaure: Nan sai ka ce "yawan waɗanda suka ɗore".