Fikof ɗin tsohuwar jitar Hawai ya raunana, a gyara ko a canza?

Mai Jita: Salam 'yan uwa. Wata tsohuwar jitar Hawai ce ta faɗo hannuna cikin kayan gwanjo, irin wadda ake kwantarwa a cinya ana gurza ƙarfe a kan tsirkiya. Supro aka rubuta a kanta. In na jona da amfilifaya sautin siriri ne sosai sai na ƙure bolum, kuma tsirkiya uku na sama sun fi na ƙasa mutuwa. In kai a sake naɗa fikof ɗin, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya aika wa amfilifaya, ko in sayi sabo kawai?

Ɗan Jos: Supro a gwanjo?? Kai wannan ka taki sa'a. Nawa ka ba su?

Mai Jita: Ba zan faɗa ba, kar ka taya 😂

Injiniya: Kar ka kwance komai tukuna. Ka fara da jak (ramin da ake jona waya) da bolum, yawanci datti ne da tsatsa, ka fesa musu mai wanke kontak ka murza sosai. In bai canza ba ka cire wayar fikof ɗin daga bolum ka ɗora mita a om. Irin na Supro koyil (naɗin waya) biyu ne a ciki, kowanne na tsirkiya uku, ka auna su ɗai-ɗai, ya kamata su ba ka lamba kusan ɗaya. Wanda ya nuna OL ya tsinke.

Baban Hanifa: Ni dai duk abin da za ka yi don Allah kar ka kai wa masu naɗin fanka. Akwai wanda na kai wa tawa, mutum ne da ya iya aikinsa a kan fanka da injin ruwa babu ƙarya, ya duba ya ce ai wannan ƙaramin abu ne Alhaji dawo jibi, da na koma ya yanke tsohuwar wayar gaba ɗaya da reza ya zubar, ya naɗa mai kauri irin ta fanka, to ina za ta shiga, bai kai ko rabin zagayen da ake buƙata ba wurin ya cika, sannan ya bi ya malale da sufa gulu har kan sukurori. Wayar fikof fa lamba 42 ce, ta fi gashin kai siranta, zagaye dubbai ake yi. Na jona, sai ka kara kunne da sifika kafin ka ji wani abu, da na yi magana ya ce amfilifayata ce ba ta da ƙarfi. Har yau tana bayan wadrob, gulun nan ya hana kowa taɓa ta.

Ɗan Jos: Allah ya mayar da alheri Baba. Amma ka biya shi?

Baban Hanifa: Ya karɓa tun kafin ya fara mana.

Oga Sawun: Ni ban ga abin wahala ba, ka sayi fikof na jita ka ɗaura, sauti sauti ne.

Injiniya: A'a Oga, ba zai zauna ba. A Supro tsirkiyar ta cikin fikof ɗin take ratsawa, faranti a sama faranti a ƙasa, maganaɗisu a gefe da gefe, gadar da tsirkiya ke hawa ma a jikinsa take. Ka cire shi sai ka fafe katako, kuma tazarar tsirkiyar ta fi ta jita faɗi. Kamfanin Valco na Chicago da ya yi su ya rufe tun 1968, kowane na asali da aka lalata ya tafi ke nan. Don wannan sautin makaɗin jita Ry Cooder ya ɗauki irinsa ya dasa a jitarsa ƙirar Stratocaster.

Oga Sawun: To shi ma ai fafe katakon ya yi 😏

Ɗan Jos: Ba irinta ce ake kaɗawa a bandin King Sunny Ade ba?

Injiniya: Waccan mai feda ce, Demola Adepoju ne ya kaɗa musu ita a da, tana da ƙafafu kamar tebur. 'Yan gida ɗaya ne dai.

Ɗan Jos: Ni kunnena bai ji bambanci ba.

Oga Sawun: Kunnen da janareta ya gama da shi.

Hajiya Admin: Ku dawo kan tambayar bawan Allah don Allah. Kuma wanda ya turo tallan data na goge, kar a sake.

Mai Jita: Injiniya na buɗe murfin, maganaɗisu ɗaya yana kama sukundireba, ɗayan ko alama. Ya mutu ne?

Injiniya: Ƙwanƙwasa shi ka ji. Wasu masu arahar ɗaya ne na gaske, ɗayan katako ne aka shafa wa fenti, haka suka fito daga kamfani. Ka sa alama a yadda na gasken yake fuskanta kafin ka ɗaga shi. In ya yi sanyi ana iya yi masa caji da maganaɗisun neodimiyom mai ƙarfi, ba sai an taɓa koyil ba. In kuma koyil ɗin ne, duba inda siririyar wayar ta haɗu da dalma, sau da yawa a nan take tsinkewa, a warware zagaye ɗaya a sake ɗigawa. In ta ƙi sai masu naɗin fikof irin su Lindy Fralin a Amurka, Lollar kuma suna yin sabo samfurin Supro. Ko ka sayi sabon ka adana tsohon a leda.

Mai Jita: Wallahi katako ne 😳

Baban Hanifa: Kuɗin aikawa Amurka da dalar nan ai ya sayi wata jitar.

Ɗan Jos: Shi ya sa gara ya sayar min yadda take, har da katakon.

Mai Jita: Batirin mitar ya mutu, sai gobe zan auna. Wa ke da 9V a kusa?