Ruwan Alau ya raba su da gidajensu: yaya za mu riƙe su cikin bangaskiya?

Dikon_Maiduguri:

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Tun da madatsar ruwan Alau ta ɓalle ruwa ya shiga garin Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024, iyalai daga Gwange da Fori suke kwana a ajujuwan makarantar Lahadi ta ikilisiyarmu. Wasu gidajensu na laka ne, sun faɗi. Wasu na bulo ne, suna tsaye amma sun tsage. Abu uku ya tsaya wa kwamiti a rai. Akwai masu cewa hukuncin Allah ne ya sauko musu, har sun daina shiga sujada. Akwai magidanta da suka ce za su koma gida da bangaskiya ko bango ya tsage. An kuma kawo shawarar kowa ya yi azumin kwana uku. Masu sani, me za mu faɗa musu, me kuma za mu fara yi?

Fasto_daga_Biu:

Salama, Dikon. Ubangiji ya ƙarfafa ku. Maganar hukunci ita za ku fara tarewa, domin wanda ya gaskata Allah ne ya rushe masa gida don ya hore shi ba zai iya buɗe baki ya roƙi Allahn nan ba. Ku buɗe musu Luka 13:4-5. Hasumiya ta faɗa wa mutum 18 a Siluwam, Yesu da kansa ya tambaya ko sun fi sauran mazauna Urushalima laifi, ya kuma ce a'a. Ruwan nan bai zaɓi gida ba. Ya shiga fadar Shehu, ya shiga asibitin koyarwa, ya shiga Kasuwar Monday, bai bar masallaci ba bai bar majami'a ba. A 1994 ma wannan madatsar ta taɓa yi wa garin haka. Damina ta yi ƙarfi, madatsa ta kasa riƙe ruwa, kogin Ngadda ya bi kwari, kuma talaka ne ya fi zama a kwari saboda nan hayar take da sauƙi.

Ina roƙon masu wa'azinku su ajiye labarin Nuhu da na wanda ya gina gidansa a kan yashi zuwa wani lokaci. Gaskiya ne, amma wanda ke kwance a kan benci zai ji kamar da shi ake. Abokan Ayuba sun yi daidai a kwana bakwai da suka zauna da shi shiru, sai da suka fara neman dalili suka ɓata.

Waɗanda suka daina shiga sujada kada a tsawata musu. A je inda suke. A sa lokaci guda wanda ba ya canjawa, misali shida na safe, minti 15 kacal: Zabura ɗaya, waƙa ɗaya da kowa ya haddace tun da littattafan waƙoƙi sun jiƙe, sai kowane gida ya ambaci buƙata ɗaya a yi addu'a a kanta da sunanta. Kada ku tsallake Zaburar kuka don neman ta farin ciki. A Zabura 69 mai addu'a yana cewa ruwa ya kai masa wuya, a ta 13 yana tambaya har yaushe. Mutum ya ga irin kukansa a rubuce, zai gane bai yi saɓo ba da ya yi kuka. Bayan haka Zabura 46 da Ishaya 43:2 za su samu wurin zama a zuciya. Ku kuma ba su aiki: wannan ya yi karatu, wancan ya ja waƙa, wata ta koyar da yara. Magidancin da ya saba ciyar da gida, yanzu yana bin layi da kwano, zaman banza na cinsa fiye da yunwa.

Magini_Jere:

Dikon, masu cewa za su koma da bangaskiya, a tuna musu da amsar da Yesu ya ba Shaiɗan a kan ƙololuwar Haikali, cewa kada a gwada Ubangiji. Nehemiya ma sai da ya zaga ya duba garun da dare kafin ya ce a tashi a yi gini.

Bangon laka yakan faɗi ne bayan ruwa ya janye. Gindinsa ya sha ruwa ya yi laushi, samansa kuwa da nauyinsa, balle in rufin soro ne. A ɗauki ƙusa mai inci shida a danna a gindin bango ta ciki da ta waje. In ta shige da ƙarfin hannu kawai, kada kowa ya kwana a ɗakin, ko da fuskar bangon ta bushe.

Na bulo kuma a dubi yadda tsagar ta tafi. Siririya kamar gashi a kan filasta ba komai ba ce. Wadda ta bi layin bulo hawa-hawa kamar matakala, ko ta tashi a karkace daga kusurwar taga, ko ta fi faɗi a sama, wannan tushe ne ya zauna. A shafa ɗan siminti a kan tsagar wuri biyu ko uku, a rubuta kwanan wata a gefe. In bayan mako biyu shafen ya tsage, ginin yana motsi har yanzu. Ƙofar da da take rufuwa lafiya yanzu ta cije, ita ma alama ce.

Kafin a shiga a kashe wuta daga mita, kada a kunna sai mai gyaran wuta ya buɗe soket-soket ya duba, don laka na maƙalewa a ciki. A kiyayi murfin ramin masai da na sokawe, ƙasar da ke riƙe da su ta zaizaye, yaro zai iya rufzawa. A sa takalmin roba, a taɓa tarkace da sanda kafin hannu saboda maciji. A kwashe laka, a wanke da sabulu, sannan a bi da bilic kofi ɗaya a jarka mai lita 20. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanke bayi, hayaƙinsa guba ne. Kada a yi saurin fenti. A manna leda a bango da salatif a bari ta kwana, in ta yi gumi ta ciki akwai sauran danshi, fentin zai ɓare.

Nas_Maman_Biyu:

Baba Fasto ya faɗi gaskiya. Ni kan maganar azumi zan tsaya: ban goyi bayan a ɗora wa kowa ba. Masu ciki, masu shayarwa, yara, tsofaffi, masu ciwon suga da masu shan magani kullum, a cire su, a kuma faɗa daga bagade don kada kunya ta sa su yi. Masu ƙoshin lafiya da gidajensu ke tsaye su yi azumin, su kawo abincin da suka bari. Lokacin da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, abinci da ruwa da barci aka fara ba shi.

Abin tsoro yanzu kwalara ce. Ruwan sha a tafasa shi har ya yi ɓulɓul na minti ɗaya, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs mai miligiram 67 a jarka mai lita 20 a jira minti 30. In ruwan ya yi gurɓi a tace da tsabtataccen ƙyalle tukuna, a sa ƙwaya biyu. Rijiyar da ambaliya ta shiga kada a sha sai an yashe ta an sa mata magani. Ku yi lissafin aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, masai ɗaya ga mutum 20, na mata dabam, da fitila da sakata. Wanda ya fara zawo a ba shi ORS nan take. In babu, a dama ƙaramin cokali shida na suga da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya na tsabtataccen ruwa. In zawon ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, a yi addu'ar a kan hanyar asibiti. Kada a kwana da gawayi ko janareta a rufaffen aji. Ku tambayi kowa a keɓe ko ruwa ya tafi da maganinsa na hawan jini, tarin fuka ko HIV, don da yawa ba za su faɗa a bainar jama'a ba.

Mama_Zumunta:

Sannunku da aiki, 'ya'yana. Abin da ke raba ikilisiya a irin wannan lokaci rabon kaya ne. A Ayyukan Manzanni 6 ma gunaguni ya tashi kan abincin gwauraye, sai da aka zaɓi mutum bakwai. Ku buɗe rajista gida-gida: yawan mutane, yara, masu ciki, ɗan haya ne ko mai gida. A raba bisa yawan baki, kada a duba wanda ya fi ba da baiko. Kuɗi kuma mutum biyu su sa hannu, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita kowace Lahadi. Mata su raba audugar mata da zannuwa a ɗaki dabam. Maƙwabta Musulmi da suka zo neman mafaka a rubuta su a rajista ɗaya. Ku tabbata sunayen kowa sun shiga wurin hukumomin agajin gaggawa na jiha da na ƙasa, wato SEMA da NEMA, ikilisiya ba za ta iya ɗaukar nauyin ita kaɗai ba.

Takardu da Littafi Mai Tsarki da suka jiƙe kada a shanya a rana, suna ƙanƙancewa su manne. A sa farar takarda tsakanin shafuka, a riƙa canjawa, a inuwa mai iska. Katin baftisma da takardar aure sakatare zai iya sake bayarwa daga rajistar ikilisiya. Wanda lambar NIN ta ɓace masa ya danna *346#, BVN kuma *565*0#, da layin da aka yi rajistar. Yaran da ke kuka in hadari ya haɗu kada a ce musu ba su da bangaskiya. A rungume su, a faɗa musu inda za a kwana da wanda zai kwana kusa da su.

Dikon_Maiduguri:

Na gode ƙwarai, Allah ya sāka. Malam magini, waɗanda gidansu ya faɗi ƙasa kuma ba su da kuɗin bulo fa?

Magini_Jere:

A fara da ɗaki ɗaya ga kowane iyali, matasan ikilisiya su yi aikin gayya, gwauraye da tsofaffi a gaba. Kuɗin da ke akwai a zuba shi a tushe: dutse ko bulo da siminti har ya wuce alamar da ruwa ya bari, a shimfiɗa leda mai kauri a kai, daga nan a ci gaba da tubalin laka. In ku za ku buga bulo, buhun siminti ɗaya kada ya wuce bulo 35 mai inci tara, a yi ta ba shi ruwa mako guda. Kwano da katakon tsohon ɗaki a ciro su a hankali, yawancinsu za su sake aiki. Filin da ke bakin kogi ko kan hanyar ruwa kuwa, dattawa su zauna da mai shi kafin a sa bulo ko ɗaya a wurin.