Masu motar da aka ɗaga, wace taya kuke sawa in hunturu ya kankama?

Abu Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da a-kori-kura da na ɗaga ta inci 4, tayoyin da ke ƙafarta 35x12.50R17 ne, wato masu tsayin inci 35, irin na taɓo masu manyan haƙoran nan. Duk tsawon lokacin zafi ban taɓa kuka da su ba, laka, duwatsu, ko ina shiga suke. To shekaranjiya da safe na ɗauko 'yata zan kai ta makaranta, titi ya yi ƙanƙara, akwai wata 'yar gangara kafin danja, guduna bai fi 30 ba, na taka birki sai na ji yana karkarwa a ƙasan ƙafata amma motar tafiya kawai take kamar ban taka komai ba, sai da na wuce layi na tsaya a tsakiyar mahaɗa. Allah ne kawai Ya tsare babu mai tahowa. Har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake. Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa min wace taya ya sa kuma me ya gani da idonsa, ba abin da ke cikin talla ba.

Kawu Direba:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara kiyayewa ɗana. Ni ma da tayar taɓo na fara kuma ita ta kai ni cikin kwalbati a shekarata ta farko. Abin da mutane ba sa ganewa shi ne girman haƙori ba shi ne riƙo ba a kan ƙanƙara. Gobe da sassafe ka fita ka danna farcenka a jikin haƙorin tayarka, za ka ji shi kamar katako, domin robar tana daskarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ita kuwa tayar hunturu ko a tsakiyar sanyi ka danna za ka ji tana lotsawa. Sannan ka duba haƙorin da kyau, naka sumul yake, na hunturu kuwa duk an tsattsaga shi da 'yan siraran tsagu masu yawa, su ne ke buɗewa suna cizon ƙanƙara in taya ta taka. Giyar ƙafa huɗu kuma kada ta ruɗe ka, tana taimaka maka ka tashi ne kawai, wajen tsayawa kai da ƙaramar mota duk ƙafa huɗu kuke birki da su, kai ma ka fi ta nauyi. Ni yanzu saiti biyu gare ni, na hunturu 255/80R17, tsayinsa wajen inci 33 amma siriri, da rim ɗinsa daban, shekara biyar kenan ban sake juyawa a titi ba.

Maman Ilham:
Sannu Abu Hanif, Allah Ya raya yarinya. Ka duba gefen taya. In M+S (wato taɓo da dusar ƙanƙara) kawai ka gani kar ka sakankance, wannan kan siffar zanen taya ake bayar da shi. Wanda aka gwada a dusar ƙanƙara shi ne mai hoton dutse mai kololuwa uku da ƙwayar dusa a ciki. A Jamus ma tun Oktoban 2024 ba a ɗaukar mai M+S kaɗai a matsayin tayar hunturu. Ni tayoyin KO2 na kamfanin BFGoodrich ke motata duk shekara, suna da tambarin, a dusa sabuwa ba ni da matsala ko kaɗan. Amma gaskiya gwajin tambarin nan na jan mota ne a kan dusa, ba na birki a kan ƙanƙara mai sheƙi ba, shi ya sa ranar da aka yi ruwa ya daskare ina rage gudu sosai ko in haƙura da fitar.

Ɗan Tsauni:
Kawu da girmanka amma ban yarda siriri ya fi a ko ina ba. Ni yawancin tafiyata hanyar daji ce da ba a sharewa, dusa har gwiwa, in ka shigo da siririyar taya haƙa rami kawai za ta yi har cikin motar ya zauna. Mai inci 37 nake sawa in sauke iska zuwa psi (ma'aunin iskar taya) 10 ko 12, tayar ta baje, motar ta riƙa tafiya a saman dusa. Mutanen ƙasar Aisland haka suke yi, 38 har 44 suke sawa.

Kawu Direba:
Gaskiyarka ne, a inda kake bi. Amma shi kwalta yake hawa kullum da yarinya a baya, kuma a kwalta faffaɗar taya hawa take kan dusar da ta narke ta zama caɓi, sitiyari ya yi sakayau a hannunka. Siririya yanka ta take ta taɓo ƙasa.

Baban Sadiq:
Ni maganar taya mai ƙusoshi zan yi, 'yan ƙarafan da ake dasawa a haƙoranta don su kama ƙanƙara. Gidana kan tudu yake, hawan kuma inuwa ce rana ba ta taɓa shi, daga Disamba zuwa Maris kamar gilashi. Na sa Nokian Hakkapeliitta LT3 masu ƙusa, 315/70R17, kusan 35 ce, motar ba ta canja tsayi ba. Wallahi ranar farko da na sauko na taka birki na ji ta ƙarrr ta tsaya cak, sai da na yi hamdala. Abin da za ka jure shi ne ƙara a busasshiyar kwalta, kamar ana soya abu a ƙarƙashin mota. Sannan ka tambayi dokar inda kake, wasu wuraren watanni aka ƙayyade, wasu an hana gaba ɗaya. In kuma tayoyi irin DuraTrac za ka saya masu ramin ƙusa, a sa ƙusoshin tun suna sababbi, in ka hau su ƙasa ta cike ramukan shi kenan.

Ummu Salma:
Buhun yashi. Bayan a-kori-kura ba nauyi, ni buhu huɗu nake ɗaurewa daidai kan tayoyin baya, ka ɗaure su da kyau kar su taho gaba in ka taka birki.

Injiniya:
Ƙari kaɗan ɗan'uwa. Na taɓa sayen tayoyi masu harafin E (harafin da ke nuna ƙarfin ɗaukar nauyi) saboda an ce sun fi ƙarfi, motata kuwa ba kaya nake ɗauka da ita ba, gefen tayar ya yi tauri har motar tsalle take a kan gargada, da na koma C sai ta kwanta. Amma in kana jan tirela ka tsaya kan abin da nauyinka ke buƙata. Iska kuma ka riƙa aunawa da safe, duk saukar digiri 5 zuwa 6 tana cin wajen psi 1, ni na taɓa cikawa a gareji mai ɗumi na fito washegari na tarar kowace ta ragu da 4. In malejinka an saita shi kan 35 ka koma 33, zai nuna 100 alhali kana wajen 94. Kuma huɗun ka canja tare, kar ka yi biyu.

Abu Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Kawu na yi gwajin farcen yau da safe, ko alamar lotsawa babu, na duba gefe kuma M+S ne kawai kamar yadda Maman Ilham ta ce. Na ajiye motar, da ta maiɗakina nake kai yarinya. Ina ganin 33 siririya zan yi da rim daban. Baban Sadiq, ƙarar ƙusoshin nan in an yi tafiyar awa biyu a babbar hanya ana iya jurewa kuwa?

Baban Sadiq:
Sati ɗaya kunnenka zai saba. Sai dai kilomita 500 na farko ka bi su a hankali, ban da fizga ban da birki mai ƙarfi, ƙusoshin su samu su zauna.