An ba ni Ƙididdiga a jami'a, in karɓa ko in sake JAMB?

Autan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Kimiyyar kwamfuta na cike a JAMB amma da sunaye suka fito sai na ga an tura ni ilimin ƙididdiga. Baba ya ce in tafi kawai karatu karatu ne, yayana kuma ya ce wai ƙarshenta alli zan riƙe a sakandare. C4 gare ni a lissafi. Shekara biyu ke nan ina zaman gida wallahi na gaji, amma ina tsoron in shiga abin da zan zo ina da-na-sani. Wanda ya san kwas ɗin ya taimaka min.

Abu Hanifa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Karɓi abinka, ni shi na karanta. Yadda ɗan kasuwar Dawanau yake soka ƙarfe a buhun masara ya ɗebo 'yan ƙwayoyi ya gane ko buhun na da kyau, to shi ne za ka shekara huɗu kana koya, sai dai ku za a koya muku yadda ake ɗibar da kuma yawan kuskuren da zai iya shiga. Firojet ɗina a kan taki da amfanin gona na yi, na bi manoma gida gida da takardun tambayoyi a cikin leda saboda damina ce, wani dattijo har ya ƙi faɗa min buhu nawa ya samu don ya ɗauka haraji za a sa masa, sai da mai unguwa ya sa baki. Yanzu a Maiduguri nake da wata ƙungiyar agaji, yara suna tattaro bayanai da manhajar KoboToolbox a waya ni kuma ina tacewa.

Maman Ilham:
Auta kar a ɓoye maka, akwai wuya. Shekarar farko kusan tare kuke da 'yan lissafi, kalkulas da aljabra, a aji biyu kuma lissafin yiwuwa ne yake kayar da mutane, ni kaina sai da na maimaita shi na yi kuka ba kaɗan ba. C4 ba matsala ba ce in dai za ka zauna da biro kullum kana warware tambayoyi, hadda ba ta aiki a nan.

Malam Sule:
Yayanka bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, wanda ya fito da takarda zalla wahala yake sha. Ka nemi laftof ko ta hannu ce, ka fara da Excel, sannan R, manhajar nazarin bayanai, kyauta ake sauke shi, Python ma haka, ka ga kwamfutar da kake so ma ba ta wuce ka ba. Lokacin SIWES, wato horon aiki da ake tura ɗalibai, kar ka je inda za a riƙa aikenka sayen abinci, nemi NBS (hukumar ƙididdiga ta ƙasa) ko hukumar ƙidaya ko sashen adana bayanai na asibiti. Ƙasar da rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006, abin yana ci min rai, muna tsara makarantu da asibitoci da kintace. Kuma koyarwar ma ba abin raini ba ce, shekarata 11 a cikinta.

Autan Fagge:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, hankalina ya ɗan kwanta. Gobe zan je kafe in danna amincewa a CAPS, shafin JAMB na karɓar gurbin karatu, in sha Allah. Malam, laftof mai RAM 4 za ta ɗauki R ɗin? Ita ce yayana zai bar min.

Malam Sule:
Za ta ɗauka, da irinta na koya. Batirin dai ka duba.