Ƙasar da ke bakin mashigin teku tana da ikon rufe shi?

Malam Bashir: Assalamu alaikum jama'a. Ni matsayata ɗaya ce: ƙasar da mashigin teku ya bi ta gaɓarta tana da haƙƙin karɓar kuɗi a hannun jiragen da ke wucewa, in ta ga dama ma ta rufe. Masar na samun biliyoyin daloli a Suwez duk shekara, ba wanda ya ce mata uffan. Don me Iran da Oman za su zuba ido tankokin mai na ratsa mashigin Hormuz da ke tsakaninsu kyauta?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, Suwez ai haƙa ta aka yi, shekara 10 ana aiki kafin a buɗe ta a 1869, kuma har gobe ana kashe kuɗi wajen yashe ta. Ladan aiki ake biya. Hormuz kuwa ba wanda ya haƙa shi.

Malam Bashir: Amma ruwansu ne, Hajiya. Doka ta ba kowace ƙasa mil 12 na teku daga gaɓarta. Hormuz a inda ya fi matsewa mil 21 ne. Ki haɗa 12 na Iran da 12 na Oman, kin ga babu ruwan kowa da kowa da ya rage a tsakiya.

Aminu: Lissafinka daidai ne, Malam. Sai dai waɗanda suka tsara yarjejeniyar dokar teku ta 1982 sun hango wannan. Shi ya sa suka ce an yarda da mil 12, amma a mashigin da jiragen duniya ke bi dole a bar jirgi ya wuce, muddin wucewa kawai yake yi ba tsayawa. Ba-ni-in-ba-ka aka yi.

Malam Bashir: Iran ta sa hannu, majalisarta ba ta amince ba. Amurka ma ba ta cikin yarjejeniyar, amma ita ke turo jiragen yaƙi da sunan kare ta.

Hajiya Rabi: Wannan kam gaskiya ne, kuma abin takaici ne. To amma in an rufe, wa zai ji a jikinsa? Kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha ta nan yake fita. Kuwait da Ƙatar da Bahrain da Iraƙi ba su da wata ƙofa ta teku sai ita. Saudiyya na da bututun mai zuwa tashar Yanbu a Bahar Maliya, Daular Larabawa na da nata zuwa tashar Fujaira da ke wajen mashigin, sauran fa? Maƙwabta za a fara shaƙewa kafin Amurka ta ji komai.

Alhaji Idris: Yarana, abin da Bashir ke so an taɓa yin sa. Denmak ta karɓi haraji a mashigin shiga Tekun Baltik tun daga 1429, kuma akwai ganuwa da igwa a Helsingor don wanda ya ƙi tsayawa. Sai a 1857 ƙasashe suka biya ta diyya dunƙule guda aka soke. Rufewa kuwa ta fi muni. A watan Mayun 1967 shugaban Masar Nasser ya hana jiragen Isra'ila bin mashigin Tiran, watan Yuni yaƙi ya ɓarke, Masar ta rasa Sinai, ita kanta Suwez ta zauna a rufe har 1975.

Zainab: Baba, ba sai mun je nesa ba. Tun ƙarshen 2023 da 'yan Huthi na Yemen suka fara kai wa jirage hari a mashigin Babul Mandab, ƙofar Bahar Maliya da ake bi zuwa Suwez, manyan kamfanoni suka koma zagaye ta kudancin Afirka, tafiya ta ƙaru da kwana 10 ko fiye. Kuɗin shigar Masar daga Suwez ya faɗi warwas. Ma'aikatan jirgin Galaxy Leader su 25 sun fi shekara a tsare a hannun 'yan Huthi, alhali neman abinci ne ya fito da su. Su nake tunawa duk lokacin da aka ce a rufe.

Malam Bashir: Na ji, 'yar'uwa. Amma ku dubi ɗaya gefen. A 1979 tankar mai Independenta ta yi karo da wani jirgi a bakin mashigin Bosforus na Turkiyya, ma'aikata fiye da 40 suka mutu, ta yi makonni tana ci da wuta a gaban mutanen Istanbul. Riba ta masu jirgi, hayaƙi da malalar mai na masu gaɓa. Wannan adalci ne?

Aminu: Ba adalci ba ne, shi ya sa yarjejeniyar Montro ta 1936 ta bar wa Turkiyya karɓar kuɗin fitilun gaɓa da binciken lafiya da aikin ceto. Ta kuma ba ta iko kan jiragen yaƙi, wanda ta yi amfani da shi a 2022 bayan Rasha ta shiga Yukren. Amma jiragen kasuwanci ba ta hana su ba.

Hajiya Rabi: In kuɗin fitila da ceto kake nufi, Malam, ina bayanka. Rufewa ce ba zan taɓa yarda da ita ba.

Malam Bashir: To a yi wa Hormuz da mashigin Malaka na Malesiya da Indonesiya irin wannan yarjejeniya mana. Tambayata ita ce wa zai yanke kuɗin, masu gaɓa ko masu jiragen yaƙi? Alhaji, kai nake jira.